Fada, Masallaci da Kasuwa: Tarihin Tsakiyar Gari da Makomarta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa ba a barkatai kakanninmu suka kafa garuruwa ba. Ko birni ne ko ƙauye, za ka tarar da fada da masallacin Juma'a suna maƙwabtaka, dandali a gabansu, kasuwa kuma ba nisa. A nan ake shari'a, a nan ake sallah, a nan ake ciniki, a nan kuma ake dambe da kokawa idan kaka ta yi.

Babban misalin wannan tsari shi ne Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shaihu Al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki. Abin lura shi ne Rumfa ya yi wa jikokin da bai gani ba tanadi. Ganuwar ta kewaye har da gonaki da fili mai yawa, don gari ya sami wurin miƙe ƙafa, mutane kuma su sami abinci idan abokan gaba sun yi musu zobe. Da Baturen nan Clapperton ya iso a 1824, Barth kuma a 1851, duk sun tarar da Kurmi tana ci, fatake na zuwa daga nesa. Tsarin da aka yi da hangen nesa ya shafe sama da shekara 500 yana amfani.

Ƙauyuka ma haka suka yi gwargwadon ƙarfinsu. Ƙofar gidan dagaci ita ce fada, gindin durumi ko ceɗiya majalisar dattawa. Mahauta da maƙera da 'yan koli kowa ya san rumfarsa. Ba a rubuta komai a takarda ba, domin kowa shaida ne, kuma ba wanda zai yi gigin kafa tubali a filin da ake jana'iza.

Sauyi ya fara ne da zuwan Turawa. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya koma bakin tasha, Sabon Gari ya kafu a wajen ganuwa. Daga baya titin kwalta ya yi wa ƙauyuka irin wannan aiki: kasuwa ta bi mota zuwa bakin hanya, tsohuwar tsakiyar gari ta fara zama kufai. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon hakimai da dagatai, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya bayar da izinin mallakar filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma. Tun daga nan takarda ta fara rinjayar shaidar baki. Filin da kowa ke cewa namu ne, a idon hukuma babu sunan kowa a kansa.

'Yan'uwa, a nan ne tarihi ya iso ƙofar gidanmu. Duk wanda ya je gida da sallah ya ga yadda shaguna ke cin dandali kaɗan-kaɗan, yau rumfar kwano, gobe bulo. Hanyar ruwan da ke bi ta bayan masallaci an toshe ta, shi ya sa damina ke kwana a zaurukan mutane. Kada mu ɗora wa na gida laifi su kaɗai. Da yawa daga fulotan nan mu mazauna birni muka aiko da kuɗin sayensu, muna murna mun yi abin kai a gida.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. A zauna da dagaci da limamai da masu unguwanni, a saurari tsofaffin da suka san iyakoki tun suna raye. A saurari mata, su da suka fi kowa sanin wahalar rijiya da kasuwa. A ɗauko safiyo ya auna dandali da filin idi da maƙabarta, a fitar da taswira, a nemi takarda daga ƙaramar hukuma da sunan al'umma. A kuma ware wurin asibiti da ƙarin ajujuwa tun kafin ƙasa ta yi tsada. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan ƙasa da safiyo. Wannan shi ne aikin gayyar zamaninmu.

Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakanninmu sun bar mana fili ba tare da takarda ba. Idan muka yi sake, 'ya'yanmu za su gaji takardun shaguna, su rasa inda za su jera sahu ranar da za a sallaci gawarmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya albarkaci garinmu da zuriyarsa, amin.