Wa Ya Cancanci Tallafi? Tarihin Taimakon Ɗaliban Jami'a a Nijeriya

Duk hukumar da ta ɗauki nauyin taimaka wa ɗalibai da kuɗin karatu, tilas ta tsai da ma'aunin da za ta raba abin da ke hannunta, domin kuwa masu nema kullum sun fi abin bayarwa yawa. Ma'aunan da aka sani uku ne: hazaƙar ɗalibi, da asalinsa, da kuma bukatarsa, watau rashin ƙarfin iyayensa. Wanda ya bi tarihin jami'o'in Nijeriya tun daga buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 zai ga an yi aiki da na farko da na biyu sosai, amma na uku, wanda shi ne ya fi kusa da adalci, har yanzu bai zauna da gindinsa ba.

A Arewa asali ne ya fara yin tasiri, kuma da dalilinsa. 'Yan Arewa da suka kai ga Ibadan a shekarun farko ƙalilan ne, alhali gwamnatin Sardauna tana son mayar da ayyukan Jihar Arewa hannun 'ya'yanta. Saboda haka sukolashif na wancan zamani bai zama sadaka ga matalauci ba. Jari ne gwamnati take zubawa: ta biya kuɗin makaranta da abinci da littattafai, ta ba da alawus, shi kuwa ɗalibi ya sa hannu cewa in ya gama zai yi mata aiki na wasu shekaru. Ba a damu da tambayar abin da ubansa ya mallaka ba, tun da masu takardar shiga jami'a ba su ma kai yawan guraben aikin da ke jiransu ba. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sa'an nan aka raba ƙasa jihohi 12 a 1967, sai kowace jiha ta gaji wannan tsari ta kafa hukumarta. Daga nan ne takardar shaidar asali ta zama mabuɗi. Illarta kuwa a fili take: yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi karatunsa duka a can, sai a ce ya koma jihar kakansa ya nemi taimako, wurin da watakila ba wanda ya san shi.

Gwamnatin Janar Gowon ta gwada wata hanya a 1972, ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. An ba da kuɗi, amma karɓo su ya gagara, don da yawa sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin man fetur, hukumar kuma ba ta da hanyar bin sawun wanda ya gama ya watse.

Tun da ba a iya tantance mabukaci ba, sai aka sauƙaƙa wa kowa. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, abinci da ɗakin kwana kuma gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗinsu. Wannan taimako ne da ba ya bukatar cika fom, ɗan attajiri da ɗan manomi layi ɗaya suke bi a ɗakin cin abinci. Amma da kuɗin mai suka ja baya, sai Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, watau sule biyar a tsohon lissafi, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. A watan Afrilu na 1978 ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta tashi tana neman a sauke Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali. An harbe ɗalibi Akintunde Ojo a Legas, an kuma rasa rayuka a Samaru ta Zariya. Gwamnati ta haramta ƙungiyar, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya kuma suka bar kujerunsu. Sule biyar ba wani abu ba ne ga mai hali, amma ga wanda alawus ɗin jiharsa ya makara wata da watanni, shi ne bambanci tsakanin cin abinci da kwana da yunwa. Da akwai ma'aunin bukata, da an ƙara wa masu ƙarfi an ɗauke wa marasa ƙarfi. Babu shi, sai ƙarin ya faɗa kan kowa. Bankin Ilmi da aka kafa da dokar soja a 1993 bai yi wani abin a-zo-a-gani ba.

A ranar 12 ga Yuni, 2023, an rubuta bukata ɓaro-ɓaro cikin doka, lokacin da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai. Sharaɗinta shi ne kada abin da ɗalibi ko iyalinsa ke samu a shekara ya kai naira 500,000. Amma mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne a wata, watau 360,000 a shekara, don haka masinja da matarsa mai shara a ofis, in an haɗa albashinsu, sun zarce iyaka. Manomi da ɗan tireda kuwa, wace takarda za su nuna ta shaidar abin da suke samu? Bugu da ƙari, sai ɗalibi ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali. Talakan da aka yi dokar dominsa shi ne mafi nisa da irin waɗannan mutane.

Ba ta cika shekara ba aka soke ta, aka maye gurbinta da wata a watan Afrilu na 2024, wadda ta kafa asusun NELFUND a kan sabon tsari. An cire iyakar kuɗin shiga, an cire masu tsayawa, an kuma daina hana ɗa rance saboda bashin ubansa. Ɗalibin makarantar gwamnati mai lambar JAMB da ta shaidar ɗan ƙasa da ta banki yana iya nema. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biyan makarantar, shi kuma aka yanka masa naira 20,000 a wata na ɗawainiya, ba ruwa a kan bashin. Biya yana farawa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, inda mai ba shi aiki zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa, wanda bai sami aiki ba kuma yana iya rantsuwa a ɗaga masa. Mai sana'ar kansa shi ne aka bar wa amanar ya kai kashi 10 na ribarsa da hannunsa, kuma a daidai wannan gaɓa ce hukumar 1972 ta yi tuntuɓe.