Mota Mai Haɗin Fetur da Lantarki a Hanyar Jibiya: Ina Ribar Take?

Bayan da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Direbobin da ke jigila daga Katsina ta Farfaru da Jibiya zuwa Maraɗi sun fi kowa jin wannan a jikinsu. Wasu na ganin mafita ita ce mota mai haɗin fetur da lantarki, irin Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997. Hujjar wannan maƙala ita ce ribar irin wannan mota ta dogara ne ga yadda ake tuƙa ta da yadda ake yi mata lodi.

Injinta biyu ne: na fetur da na lantarki. Duk lokacin da direba ya taka birki, na lantarkin yana mayar da wani ɓangare na ƙarfin gudun zuwa batir maimakon ya salwanta. Idan ta tsaya, na fetur ɗin yakan mutu da kansa. Saboda haka hanyar da shingayen jami'an tsaro suka yi wa yawa, inda ake ta tsayawa ana tashi, ta dace da ita ƙwarai.

Amma idan hanya ta miƙe, iska ce babbar abokiyar gaba. Tirjiyarta tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Daga kilomita 80 zuwa 120 a awa, tana ƙaruwa fiye da ninki biyu. Shi ya sa aka zana Prius da gaba mai gangara da baya mai sulɓi, har ma'aunin tirjiyar iskarta ya sauka zuwa 0.24 a ƙirar 2016. Direban da ya ɗaure buhuna a saman mota, ya bar but a buɗe, ya rushe wannan zane da hannunsa.

Akwai kuma zafin bazara da ke rage wa batir kwana, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar sanyaya shi. Don haka wajibi ne ƙungiyoyin direbobi su tsawatar kan lodin sama da gudun wuce kima, makarantun koyon sana'a kuma su horar da makanikai kan gyaran batir. In ba haka ba, direba zai biya kuɗin motar mai tsada, ribar kuma ta bi iska.