Salatin Basha, lambobin yabonsa da Hausawan Mai Wurno

Tun da faɗa ya ɓarke a Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, bayan Hausawan jihar Nil Azrak sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, ake ta maimaita magana guda: wai su baƙi ne da noman audugar Jazira ya kawo. Ban yarda da wannan ba. Wanda ke son ganin inda aka fara yi musu kallon baƙi, sai ya koma zamanin wani soja da mutanen Sudan ke kira Salatin Basha.

Sunansa Rudolf Slatin. An haife shi kusa da birnin Biyena a 1857, ɗan ƙasar Ostiriya, Jamusanci ne harshensa. Yana ƙaramin hafsa Godon, gwamnan Sudan na lokacin, ya kira shi, ya iso Khartum a 1879, kafin 1881 ta ƙare ya zama gwamnan Darfur baki ɗaya. Can Mahadiyya, boren Mahadin Sudan, ta riske shi. Ya gwabza da ƙabilar Rizaigat ƙarƙashin Madibbo, da ya ga sojojinsa na ɗora rashin nasara a kan addininsa sai ya yi kalmar shahada, ya ɗauki sunan Abdulƙadir. Bayan mayaƙan Mahadi sun murƙushe rundunar Masar da Hikis ke jagoranta a Shaikan a Nuwamban 1883, ya miƙa wuya a watan Disamba.

Shekara 11 ya yi a hannun Ansar, mabiya Mahadi, mafi yawansu yana tsaye ƙofar Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Umdurman cikin mulazimai. A 1895 ya sulale da taimakon Winget, shugaban leƙen asirin sojan Masar, ya ƙetare sahara a kan raƙumi har Aswan. Daga nan lambobin suka fara zuba. Sarkin Masar ya ba shi muƙamin Basha. Sarauniya Biktoriya ta ba shi lambar CB, bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumban 1898 ta ƙara masa KCMG. Sarkin ƙasarsa, Faranz Yosef, ya sa shi cikin masu sarauta, a 1906 ya ɗaga shi zuwa Baron. A 1907 Ingila ta ba shi manjo janar na girmamawa, daga baya aka ƙara masa GCVO.

Masu yabonsa suna cewa jarumtaka ce ta jawo masa wannan duka. To, lardin da aka damƙa masa ya rasa shi, kuma a Karari aikin leƙen asiri ya yi, bai jagoranci runduna ba. Abin da aka saka masa a kai shi ne sanin mutane. Ya san wane shehu ya yi wa Mahadi mubaya'a da zuciya ɗaya, wane ne ya yi don tsoro, wane gida ke gaba da wane. Saboda wannan sani aka naɗa shi Babban Sufeton Sudan a 1900, al'amuran shehunai da malamai da shugabannin ƙabilu suka koma bin ta hannunsa, shi kuwa bai taɓa sakin jiki da duk wanda ke da ƙamshin Mahadiyya ba.

A cikin wannan zamani mutanenmu suka iso. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira gabas, wajen 1906 suka sauka a Shehu Ɗalha, bakin kogi kudu da Sinnar, kafin a kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Mutane ne da suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara, kuma tun tuni danginsu Hayatu ɗan Sa'idu ya yi wasiƙa da Mahadi. Sai ga Abdulƙadir Wad Habuba ya yi bore da sunan Mahadiyya a cikin Jazira a 1908, aka rataye shi. Gwamnati ta bar masu hijira su zauna su yi noma, amma da ido a kansu. Madatsar ruwan Sinnar kuwa, wadda ta buɗe noman auduga, sai 1925 aka kammala ta, kusan shekara 20 bayan saukarsu. Da dokar zama ɗan ƙasa ta zo a 1948, sai ta ja layi a ƙarshen 1897, ta bar jama'ar Mai Wurno a waje. A ganina wannan zalunci ne, kuma daga wancan zargi na farko ya tsiro.

Yaƙin duniya na 1914 ya sami Salatin yana hutu a Biyena, ƙasashen da suka rataya masa lambobi sun ja daga da juna. Ya ajiye aikin Sudan, ya kama kula da fursunonin yaƙi a ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasarsa. Tafiyarsa ke da wuya Winget, wanda a lokacin shi ne gwamnan Sudan, ya fara neman shiri da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, wanda Salatin ya daɗe yana taka wa birki. Salatin ya rasu a Biyena a Oktoban 1932.