Alhaji Umaru na Karaci da Bashin da Zango Ke Ɗauke da Shi

Idan aka ce adabin Hausa, hankali Kano da Zariya yake tafiya, ba kasafai ake tuna zangunan Gana ba. Ni kuwa ina ganin ɗaya daga cikin manyan alƙaluman Hausa a ƙasar Gonja ya yi aikinsa, wato Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Kete-Karaci.

A Kano aka haife shi wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Mahaifinsa bafatake ne mai bin hanyar goro, kuma wannan hanya ce ta kai Umaru Salga, kasuwar da ayarin Hausa ke sauke kaya. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, fatake da malamai suka watse. Shi ya ƙare a Karaci, wadda ta faɗa hannun Jamusawa, ya zama limami, ya buɗe makaranta. Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo a 1918, ya rasu a 1934, Allah ya jiƙansa.

Hannu biyu ya yi rubutu da su, waƙa da zube. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, da rushewar Salga, da annobar murar 1918. A Waƙar Talauci da Wadata ya nuna yadda jama'a ke rusuna wa mai dukiya su juya wa matalauci baya, ko da shi ne mai gaskiya. Zuben kuwa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ne ya roƙe shi, shi kuma ya rubuta masa da ajami tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma idon marubucin labari gare shi, domin ya kula da marina da maƙera da 'yan koli, mutanen da tarihin sarakuna ke tsallakewa.

To, ina rubutun yake yau? Takardun da ya ba Mischlich sun tafi Turai, har masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanisław Piłaszewicz, ya buga su a shekarar 2000. Waƙoƙinsa da dama suna cikin rubuce-rubucen da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana ta tattara a Legon a shekarun 1960. A waɗannan shekarun ne kuma tafkin Bolta ya haɗiye tsohuwar Karaci bayan gina madatsar Akosombo.

Daga Nima ko Mamobi zuwa Legon tafiyar mota ɗaya ce. Amma abin da nake gani a unguwanninmu na Ankara shi ne, yaro na jin Hausa a gida da masallaci da kasuwa, yana karatu da Ingilishi, ajami kuwa sai dattawa. Ya tashi yana zaton harshensa na ciniki ne kawai, ba na littafi ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. A mayar da waƙoƙin zuwa boko a gefen ajaminsu, a rera su a rediyo, a saka su cikin darussan makarantun Islamiyya. Dattawan da suka iya karanta hannun malaman Gonja suna ƙarewa, kuma da su za a fara aikin.