Raunin wuta a soket ɗin cikin mota: Musabbabai da hanyoyin gano su

Soket ɗin da ke gaban mota, wanda tun asali aka yi shi domin kunna sigari, ya zama abin dogaro ga ɗan kasuwa da ma'aikaci wajen cajin wayar salula da na'urar POS. Sau da yawa wutarsa ba ta ɗaukewa gaba ɗaya, raunana take yi: salula ta nuna tana caji amma ba ta ƙaruwa, ko cajin ya riƙa yankewa idan an faɗa gargada. Kafin a taɓa fis ko a sayi sabon batir, ya kamata a bi matsalar daki-daki.

Ƙarfin da ya kamata a samu

Batirin ƙaramar mota mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe. Idan inji ya tashi, altaneta kan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Yawancin soket ana kare su da fis mai amfiya 10 ko 15, wato suna ɗaukar wat 120 zuwa 180, kuma akan rubuta iyakar a jikin murfin.

Ramin USB kuwa bolt 5 yake bayarwa. A motoci da dama an yi shi ne domin haɗa salula da rediyo, kuma nau'in USB 2.0 rabin amfiya kaɗai yake fitarwa, wato wat 2.5, alhali caji mai sauri na bukatar wat 18 ko fiye. Irin wannan rami lafiyarsa ƙalau, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne caja da kebul. A gwada wasu da aka tabbatar suna aiki. Kebul siriri, ko mai tsawo, ko wanda ya karye daga ciki, yana zubar da wuta a hanya, kuma caja mai araha ba kasafai take ba da abin da aka rubuta a jikinta ba.

Na biyu, ramin soket ɗin. Ƙarfen da ke can tsakiya shi ke kawo wuta, bangon da ke kewaye kuma shi ke mayar da ita. Ƙurar hunturu, tsatsa ko lemon da ya zuba kan hana caja taɓa ƙarfen sosai. A kashe mota, a zare makulli, a cire fis ɗin soket, sannan a goge da auduga ko tsinken katako. Kada a sa abin ƙarfe, domin a wasu motocin wuta na nan ko da an kashe su. Idan caja tana rawa a ciki, ramin ya saki, sai a sauya shi.

Na uku, fis. Shi ko dai ya ƙone wuta ta ɗauke ɗungurungum, ko ya kasance lafiya. Saboda haka ba safai yake jawo rauni ba, sai idan ƙafafunsa sun yi tsatsa ko mazauninsa ya saki. Launi na nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20.

Na huɗu, awo da mita. Mai gyaran wutar mota zai auna bolt a kan batir, sannan a soket, yayin da aka jona wani abu yana jan wuta. Awon soket babu kaya a kansa yana ruɗarwa, domin ko wayar wuta da ta kusa tsinkewa za ta nuna bolt 12. Idan bambancin ya haura kamar rabin bolt, laifin na kan hanya ne: mahaɗin da ya saki, wayar da ta ƙone, ko wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa. An fi ganin haka a motocin da aka yi wa ƙarin rediyo ko fitilu ta hanyar tsinka waya a naɗe da salatif.

Na biyar, batir da altaneta. Idan inji na aiki amma batir bai kai bolt 13 ba, fitilu na dusashewa, mota kuma na jan tashi, to matsalar ta wuce soket. A duba kawunan batir, belin altaneta da altanetan kanta.

Abin da ba a yi

Kada a maye gurbin fis da zaren waya ko takardar gwangwani, kada kuma a sa wanda ya fi na asali ƙarfi. Fis yana ƙonewa ne domin kada wayoyin mota su ƙone, kuma wanda ya tsallake shi ya buɗe ƙofar gobara. Idan sabon fis ya sake ƙonewa, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe, ko kaya sun yi yawa, kamar injin hura taya ko inbata da ta zarce iyakar soket. Idan aka ji ƙaurin roba ko caja ta yi zafi ƙwarai, a zare ta nan take, a kai motar wurin ƙwararre.