Bin Asalin Gida ta Takardun Ƙasa da Marsiyyoyi: Gusau, Tsafe da Bungudu

Duk wanda ya zauna da tsofaffi a ƙasar Gusau ya tambaye su asalin gidansu, zai ga yawancinsu suna iya lasafta kakanni uku ko huɗu ba da wata wahala ba. Daga nan sai lissafi ya fara tangaɗi, a ce, “Kakanmu daga 'Yandoto ya zo,” ko kuwa, “Mutanen Katsina ne.” Saboda haka masu neman asali sukan juya ga takarda, suna tsammanin abin da baki ya manta alƙalami ya riƙe. To, takardun kam akwai su, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka rubuta don a adana asalin wani. An rubuta wasu don karɓar haraji, wasu don yanke shari'a, wasu kuwa don roƙa wa mamaci gafara. Wanda bai san dalilin da ya sa aka rubuta takarda ba, ya fi kusa da ya karanta cikinta abin da ba ta faɗa ba. Maganar kuwa ba ƙarama ba ce, gama har yau gona takan fita daga hannun mai ita, ko zumunci ya yanke, saboda suna guda da aka karanta a karkace.

Ƙasar da mutanenta

Kafin jihadi wannan yanki yana kan iyakar Katsina da Zamfara, kuma 'Yandoto, kusa da Tsafe, ita ce babbar matattarar malamai. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, mutanensa suka watse, littattafansu suka watse tare da su. Bayan wannan ne Gusau ta kafu a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sarautun da ake kiran sarakunan yankin da su sun isa shaida a kan wannan tarihi: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bungudu. Ko ba a buɗe littafi ba, sunan sarauta ya faɗi inda mutane suka fito.

Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, waɗannan ƙasashe kuwa suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, sai cinikin auduga da gyaɗa ya jawo baƙi daga ko'ina. Daga baya yankin ya shiga Jihar Arewa maso Yamma cikin 1967, Jihar Sakkwato cikin 1976, sa'an nan Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Kowane sauyi kuwa da ƙaurar takardu yake tafe. Shi ya sa mai binciken gida guda a Bungudu zai iya samun kansa yana neman labarinsa a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da kuma adakar wani tsohon malamin haraji a cikin gari.

Takardun ƙasa

Tun kafin Turawa akwai hukunci a rubuce game da ƙasa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Amma hukunci ne aka rubuta, ba sunayen masu gonaki ba. Manomi ya sami gonarsa ta gado, ko saran daji, ko kyautar sarki, ko aro, ko jingina, shaidarsa kuwa ita ce maƙwabtan iyaka da dattawan gari.

Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a kan ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Dokar 1962 da ta 1978 duk a kan wannan tushe suka hau. Abin da ya biyo baya shi ne, takardar izinin zama a fili, mai hatimi da taswira, yawanci kamfanonin ciniki da baƙin 'yan kasuwa ne suka same ta a zamanin Turawa, irin waɗanda suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi a Gusau. Manomin Tsafe da kakanninsa suka sare dajin bai sami ko ƙyalle ba, don ba a ga yana bukata ba. Watau wanda ya fi daɗewa a ƙasa shi ne ya fi ƙarancin takarda a kanta.

Inda talaka ya shiga rubutu shi ne wajen haraji. Jami'an Turawa sukan zaga gunduma su rubuta rahoton ƙiyasin haraji, su ƙidaya gidaje da mutane da dabbobi da sana'o'i, su kuma ɗauki ɗan tarihin kowane gari daga bakin masu sarauta. Akwai kuma littafin gunduma da Di'o ke ƙara wa bayani shekara da shekara, da rajistar haraji da ta jangali a hannun malaman En'e. A ƙasar Kano da ta Katsina har awon gonaki aka yi da taki, aka rubuta kowace gona da sunan mai nomanta.

Amfanin waɗannan takardu a fili yake: suna tabbatar da cewa wane yana zaune a gari kaza a shekara kaza. Amma fa a lura da abu uku. Na farko, sunan da ke cikin rajista na mai biyan haraji ne, wanda zai yiwu aron gonar aka ba shi, ko jingina ce a hannunsa. Na biyu, inda ake noman gandu, sunan mai gida kan rufe ƙannensa da 'ya'yansa, har mutum ya yi shekaru da aure ba a ga sunansa shi kaɗai ba. Na uku, takardar haraji takarda ce da kowa ke gudu. Akan ɓoye saurayi a ce yaro ne, akan tsallaka da shanu wata gunduma lokacin jangali. Rashin suna a rajista, saboda haka, bai nuna mutum ba ya nan ba. Tarihin da ke cikin rahoton Bature kuwa, daga bakin gidan da ke kan sarauta a ranar aka ɗauke shi, ta hanyar tafinta, kuma ba safai mai sarauta kan tuna da reshen da aka ture ba.

Littafin alƙali

Ga mai neman dangantaka, babu kamar littafin alƙali, musamman shari'ar rabon gado. Dalili kuwa shi ne, shari'a ba ta raba dukiya sai ta ƙidaya magada duka: matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, uwa tana da nata. Ta haka sunayen mata, waɗanda rajistar haraji ba ta san da su ba, suka shiga rubutu. Shafi guda na rabon gado yakan ba da gida sukutum, da matan aure da 'ya'yan kowane ɗaki. Wanda ke son ganin kamannin irin waɗannan littattafai sai ya duba shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga cikin 1994. Da yawansu a kan gonaki da gidaje ne.

Nan ma akwai giɓi. Akan cire ushira daga dukiyar da alƙali ya raba, don haka gidaje da yawa sukan yi rabonsu a zaure, gaban malamin unguwa, ba a rubuta kome ba. Gona kuma sau da yawa ba ta shiga lissafin tarika, sai ta zauna a hannun maza bisa al'ada.

Har wa yau a littafin alƙali ne ake samun shari'o'in fansar bayi. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan watan Maris 1901, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Mai bincike zai iya cin karo da sunan kakan wani gida mai mutunci a irin wannan shafi. Wannan amana ce. Na masu gidan ne su sani in suna so, ba na mai bincike ba ne ya kai kasuwa.

Marsiyya da labarin rasuwa

A ƙasar Turai mai bin asali yakan tafi maƙabarta ya karanta duwatsu. A nan kuwa akan binne mamaci ran da ya rasu, ba a rubuta kome a kan kabari, ta'aziyya kuma da baki ake yinta. Abin da ya tsaya a madadin wannan iri uku ne.

Na farko marsiyya, watau waƙar makoki da malamai ke yi da Larabci ko Fulatanci ko Hausar ajami. Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, malamai kuwa suka bi wannan hanya a garuruwa da yawa. Marsiyya takan faɗi halin mamaci, da malamansa, da wuraren da ya zauna. Sai dai silsilar da ta fi kula da ita ta ilmi ce, ba ta jini ba, har “ubana” a bakin mawallafi yakan zama shaihinsa. Shekarar kuma da ramzi akan sa ta a ƙarshe, watau da haruffa masu lissafi, bisa ƙidayar Magariba. A wannan ƙidaya shinun 1000 ne, ra 200, nun 50, jim 3. Haɗuwarsu ta ba da 1253, shekarar rasuwar Bello, wadda ta yi daidai da 1837. Wanda ya ɗauki ƙidayar Gabas, inda shinun ke 300, zai yi kuskuren shekara 700.

Na biyu, abin da malamai ke rubutawa a gefen littafi ko a bangon ƙarshe: an haifi wane ran kaza ga wata, wance ta rasu daren Jumma'a. Wannan ya fi kome aminci, gama a lokacin aka rubuta shi, kuma ba don idon kowa ba.

Na uku, jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita cikin Janairu 1939, Zaruma ta Lardin Sakkwato kuwa a shekarun 1950. Labarin rasuwa a jarida yakan ba da rana sosai, da muƙaman da mutum ya riƙe. Amma na sarakuna da alƙalai da ma'aikatan En'e ne, shekarun haihuwa kuma yawanci kintace ne.

Ga waɗannan sai a ƙara makaɗan fada, irin su Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya, waɗanda kan jero kakannin ubangidansu cikin waƙa. Sai dai makaɗi yabo ya zo yi, kakan da ba ya ƙara wa ubangida girma ba ya shiga kiɗa.

Wahalar sunaye

A nan ne ilmin harshe ke da abin faɗa. Mutum guda zai iya fitowa Mamman a rajistar haraji, Muhammadu Sambo a littafin alƙali, Malam Babba a bakin jikokinsa. Garba da Buba duk Abubakar ne, Shehu Usmanu ne, Sanda Umaru ne. Alkunya kuma ta hana mace faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari, sai laƙabi ya danne sunan yanka. Amma laƙabin ma shaida ne ga wanda ya iya karatunsa: a al'adar Fulani Dikko ɗan fari ne, Sambo na biyu, Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza. Ke nan suna guda ya nuna akwai 'yan'uwan da ba a rubuta ba.

Kalmar “ɗan” takan nuna uba, takan nuna gari, takan nuna wanda ya riƙe mutum. “Jika” kuwa a kirari yakan kai ga tattaɓa kunne da abin da ya wuce. Makarantun boko suka ƙara wani ruɗani, da suka riƙa laƙaba wa yaro sunan garinsu. Malam Yahaya Gusau da sauran masu amsa Gusau gari ne ya haɗa su, kamar yadda Shagari da Gumi sunayen garuruwa ne.

Rubutun ma haka. A fayilolin Turawa Tsafe Chafe ce, domin haka kunnensu ya ji lafazin yamma, Kwatarkwashi kuwa Kotorkoshi. Wanda ya nema da rubutun yau zai koma hannu wofi. A ƙasar Sakkwato kuma mai gunduma shi ne uban ƙasa, hakimi kuwa na ƙauye ne, saɓanin Kano. Mai karatu da kunnen Kano zai ɗaga kakan wani zuwa matsayin da bai taɓa riƙewa ba.

Yadda za a haɗa su

Hanyar da ta fi kai wa ga gaskiya ita ce a fara daga masu rai, musamman tsofaffin mata, gama su ne suka san wa ya auri wa, da ɗakin da kowa ya fito. A rubuta kowane mutum da dukan sunayensa, a ɗaure shekarunsa da abin da kowa ya sani: zuwan Turawa, yunwar 1914, marisuwa ta 1918, isowar jirgi. Sa'an nan a je gona a ga iyaka da itatuwan da ke kanta, a ji sunayen maƙwabta. Bayan wannan ne za a tafi ga takarda. Kada a karɓi dangantaka sai shaidu biyu da ba su ɗauka daga juna ba sun haɗu a kanta. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyun, a faɗi wanda ya faɗi kowanne.

Aikin kuwa ba na jinkiri ba ne. Tun wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da yawa a Zamfara, har da na ƙasar Tsafe da Bungudu, mutane suka bar gonakin da ba su da takarda a kansu. Ran da za a koma, shaidar iyaka tana bakin tsofaffin da ke zaman gudun hijira a Gusau, wasunsu kuwa ba za su ga ranar ba. Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga kusan kowane ƙauye. Da kowane ɗalibi zai koma da littafi guda na asalin gidansu da iyakokin gonakinsu, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a ajiye kofe a kwaleji, da na baya sun sami abin da na yanzu suka nema a Kaduna ba su samu ba. Allah ya sa a dace.