3.4 Matsalolin da Rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta Fuskanta Daga Sakkwato Zuwa Burmi

A ranar 15 ga watan Maris na shekarar 1903 sojojin Ingila suka ci rundunar Sakkwato da yaƙi a filin Giginya. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, wanda bai fi wata biyar bisa gadon sarauta ba, ya fita da waɗanda suka rage masa ya nufi gabas da niyyar hijira. Wannan fasali zai duba matsalolin da rundunar ta ci karo da su cikin wata huɗun da suka biyo baya.

Matsala ta farko ita ce rabuwar kan shugabanni. Waziri Muhammadu Buhari da wasu manyan fada sun ga cewa komawa gari a zauna da talakawa, a kare musu addininsu gwargwadon hali, ya fi barin su ba makiyayi. Don haka suka koma suka yi sulhu. Kafin mako ya zagayo, Lugga ya tabbatar da naɗin Muhammadu Attahiru na biyu a Sakkwato. Wannan naɗi ya raba rundunar da tushenta, domin babu sauran baitulmali ko fada da za ta aiko mata da dawaki da makamai. A idon Turawa kuwa, jagoranta ya tashi daga sarki ya koma ɗan tawaye.

Matsala ta biyu ita ce hanyar kanta. Kafin faɗuwar Sakkwato, Turawa sun riga sun ci Yola a 1901, sun shiga Bauchi da Zazzau a 1902, sun kuma ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Ke nan duk ƙasar da za a ratsa tana hannun abokan gaba. A da, duk inda Sarkin Musulmi ya sauka, sarkin wurin ne ke ɗaukar nauyin ciyar da jama'arsa da dabbobinsa. Yanzu kuwa mai garin da ya buɗe masa ƙofa ya san rawaninsa ne zai biya. Lamarin ya zama gaba kura, baya sayaki.

Matsala ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce yawan jama'a. Yayin da ayarin ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, dubban talakawa suka bar gidajensu suka bi shi, maza da mata, tsofaffi da yara, da shanu da jakuna. Manya ma sun shigo, irin su Sarkin Misau Ahmadu da Etsu Nupe Abubakar da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Wannan tururuwa ta nuna cewa zukatan jama'a na tare da Attahiru, har ta tayar wa Turawa hankali. Amma ta fuskar yaƙi nauyi ce. Barde shi kaɗai yana iya yin zango biyu a yini, amma mai tafe da goyo da tsoho dole ya yi tafiyar mafi rauni a cikinsu. Ga shi lokacin bazara ne, rijiyoyi sun ja baya, ciyawa ta ƙone, hatsin rumbu ya yi ƙasa, kuma babu ƙauyen da zai iya ciyar da irin wannan taro ko na kwana guda. Dakarun da ya kamata su fuskanci abokan gaba sai suka koma masu gadin iyali da neman abinci.

Matsala ta huɗu ita ce bambancin makamai. Masu hijira na riƙe da takobi da mashi da kwari da baka da 'yan bindigogi, masu bin sawunsu kuwa na da igwa da bindiga mai ruwa. Duk da haka, a ranar 13 ga Mayu mutanen Burmi, wani gari mai ganuwa kusa da kogin Gongola a Jihar Gombe ta yau, suka kori rundunar Kyaftin Sword. Wannan nasara ta sa garin ya zama matattarar masu hijira. Sai dai ganuwar da ta ba su mafaka ita ce kuma ta tara su wuri guda, ta ba Turawa damar haɗo ƙarfi. A ranar 27 ga Yuli, 1903 aka yi karon ƙarshe. Attahiru ya rasu a fagen fama tare da mutane fiye da 600, Turawa kuma suka rasa kwamandansu, Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ba rashin jarunta ne ya karya wannan runduna ba. Tun ranar da aka raba ta da Sakkwato ta rasa mai ciyar da ita, sannan ta ɗauki nauyin al'ummar da ba za ta iya yasarwa ba, ba kuma za ta iya karewa ba. Fasali na gaba zai yi bayani a kan zaman waɗanda suka tsira a Sudan.